Shasin Tsohuwar Motar Tsere: Yadda Ake Gano Asalinsa, a Farfaɗo da Shi

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga makanikai da masu walda da masu gyaran bodi, waɗanda ke jin mu yanzu hannu duk baƙin mai, rediyo na rataye a ginshiƙin rumfa. Sannunku da aiki, Allah ya ba da kasuwa. Shirin na yau naku ne, ko da yake tafiyar da nisa. Amurka za mu leƙa, mu ga yadda wasu mutane ke tono shasin motar tsere da aka yar shekara 50 ko 60 da suka wuce, su binciko ko na wane ne, sannan su mayar da shi yadda yake a zamanin da yake tashe.

Tseren da muke magana a kai ba na zagaya fili ba ne. Mota biyu ke jerawa a kan miƙaƙƙen titi, a tsaye cak, a ba su alama su fizga. Wanda ya riga kai ƙarshe ya wuce zagaye na gaba, wanda aka kayar ya tattara kayansa. A zamanin waɗannan motoci nisan duka rubu'in mil ne, wato mita 402. A shekarar 1964 wani direba daga jihar Fulorida, Don Garlits, ya tashi daga tsaye ya kai gudun da ya haura mil 200 a awa, sama da kilomita 320 ke nan, cikin wannan ɗan taƙin, kuma bai cika sakan 8 ba. Kafin ka gama amsa sallama an gama tsere.

Abin ya samo asali ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da samarin kudancin Kalifoniya suka mayar da titunan gari fagen tsere da dare, ana ta asarar rayuka, 'yan sanda na fama da su. A 1950 aka fara shirya tseren bisa tsari a filin jirgin sama na Santa Ana, shekara ɗaya bayan nan Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA, domin a janye yaran daga titi zuwa killataccen wuri mai doka da masu duba lafiyar mota. Samarinmu masu wasa da mota a bikin aure, a tsakiyar jama'a, ku ji wannan da kyau: waɗanda suka ƙirƙiro wasan gudun ma tun tuni suka gane titin da mutane ke bi ba wurinsa ba ne.

To, yaya motar take? Ku cire hoton mota mai ƙofa da gilashi daga ranku. Dogayen bututun ƙarfe ne sirara, biyu a dama biyu a hagu, an ɗaure su da gajerun dirkoki, suna tsukewa zuwa gaba. A can gaba tayoyi biyu masu wayoyi irin na babur. A baya manyan tayoyi masu faɗi marasa zane. Injin na gaban direba, shi kuwa direban yana zaune a can ƙurya, bayan aksul ɗin baya, ƙafafunsa sun haye kan kwandon haƙoran aksul ɗin, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Saboda wannan zama suka yi wa motar laƙabi da danƙon harbin tsuntsu, direban ne dutsen da ke cikin fatar. Mickey Thompson ake jingina wa wannan tsari, a 1954, kuma dalilinsa shi ne a tara nauyi a kan tayoyin baya don su kama ƙasa. Babu sufirin a baya, babu batir, babu abin tayar da inji. Wata mota ce ke tura ta ta baya har ta tashi. Shasin kansa, in an sauke masa komai, mutum biyu za su ɗaga shi ba tare da nishi ba.

Yanzu ku auna zaman wannan direba. Gabansa inji mai shan man nitro, wanda in ya fashe wuta da mai fuskarsa suke nufa. Tsakanin ƙafafunsa kuloci da haƙoran ƙarfe na juyawa. Ranar 8 ga Maris 1970, a filin Lions da ke kusa da Long Beach, akwatin giyar motar Garlits ya tarwatse yana tashi, ya raba motar gida biyu, ya tafi da wani sashe na ƙafarsa ta dama. Yana kwance a asibiti ya ƙudura ba zai ƙara zama a bayan inji ba. Shi da abokan aikinsa Connie Swingle da T.C. Lemons suka ƙera wadda injin ke bayan direba. An sha gwada irinta kafin nan ba ta miƙe hanya, su suka gano cewa sitiyarin ne ya cika saurin amsawa, suka rage masa kaifi. A farkon 1971 ya ci babbar gasar Winternationals a Pomona da ita, ya kulle bakin masu dariya. A 1972, a Kanada, mai inji a gaba ta ci babbar gasar NHRA ta ƙarshe a ajin ƙoli. Shi ke nan, kasuwarta ta watse.

Ɗaruruwan shasi suka zama tsohon yayi cikin shekara biyu. Aka riƙa sayar da su da arha ga masu ƙaramin ƙarfi, su cire wurin zaman babban inji su dasa ƙaramin injin Chevrolet. Wannan ya ƙara masa tsawo, wancan ya rage, wani ya yanke bakan da ke kare kan direba ya sa sabo don doka ta canja. Da suka gaji aka rataye wasu a rufin gareji, wasu aka jingine bayan gida ruwa na dukansu, da yawa kuwa 'yan gwangwan suka auna a sikeli. Sai a 1992 aka fara taron tsofaffin 'yan tsere a filin Famoso kusa da Bakersfield. A taron shekarar 2000 Steve Gibbs da Greg Sharp suka shirya a turo tsofaffin motoci 9, a tashe su da nitro, a jera su a gaban jama'a suna ruri suna aman wuta, ba tare da an yi tsere ba. Suka sa wa abin suna Cacklefest. Dattawa suka yi ta share hawaye, ba don hayaƙin kaɗai ba. Daga ranar kowa ya shiga neman tsohon shasi, ƙarfen da aka raina ya yi kuɗi, kuma inda kuɗi ya shiga ƙarya ba ta nisa.

Matsalar ita ce wannan mota ba ta taɓa hawa titin gwamnati ba. Ba ta da rajista, ba ta da takardu, ba ta da irin lambar shasin da kuka sani a jikin motocinmu. Wasu maƙera kan manna ɗan allo ko su buga lamba, da yawa ba su damu ba, don a ganinsu kayan aiki ne na shekara ɗaya ko biyu. Inda aka sa allon ma sau da yawa ya tafi tare da bututun da aka yanke. Saboda haka idan mai sayarwa ya dafa tsatsattsen ƙarfe ya ce maka wannan ai motar wane ce da ta ci gasa kaza, maganarsa ce kawai. Shaidar tana jikin ƙarfen, kuma wanda ya fi kowa iya lalata ta shi ne sabon mai shi, in yana da zafin hannu.

A nan nake so masu sana'a su tsaya. Mai gyara na ƙwarai in ya ga tsatsa hannunsa ƙaiƙayi yake. So yake ya ɗauko injin gurza, ya share tsohon fenti, ya sare kunnuwan ƙarfen da ba su da amfani, ya lallaɓe mummunar walda ta yi sumul. A wannan aiki kuwa kowane ɗaya daga cikin waɗannan ɓarna ce. A watan farko ba abin da zai taɓa shasin sai tef ɗin awo, da fitila, da kyamara.

Mu ce an sauko da shi daga rufin gareji, an ɗora a kan jakuna biyu. Abu na farko a auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar tayar baya, domin tsawon nan yana faɗin zamani. A ƙarshen shekarun 1950 wajen inci 100 ne, kimanin mita biyu da rabi. Da ƙarfin inji ya ƙaru gaban motar ya riƙa ɗagawa sama, sai maƙera suka yi ta ƙara tsawo, a tsakiyar shekarun 1960 ya kai wajen inci 150, zuwa 1970 ya haura inci 200. Amma kada tef ya ruɗe ka. Bi bututun da tafin hannu daga baya zuwa gaba. In ka ji ɗan tudu a ƙarƙashin fenti, a dama da hagu a wuri ɗaya, to an yi masa jona, gajere ne aka ƙara masa gaba. Awon da ya fi riƙe amana shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar aksul ɗin baya da farantin da ke riƙe bayan inji, da kuma yadda injin ya ɗan sunkuya gaba. Wannan sashe wuyar canjawa gare shi, kuma kowane maƙeri da irin awon da ya fi so a kowane zamani.

Domin ba kamfanonin mota ne suka ƙera su ba, mutane ne a ƙananan shaguna. A Kalifoniya akwai Kent Fuller, wanda ya ƙera shasin shahararriyar motar Greer da Black da Prudhomme ta 1962. Akwai Woody Gilmore, da Don Long, da Roy Fjastad, da Frank Huszar. Kafin su akwai Scotty Fenn na Chassis Research da kamfanin Dragmaster, waɗanda suka riƙa ƙerawa da yawa suna sayarwa. A Mishigan kuma akwai 'yan gidan Logghe. Kowannensu da hannunsa: yadda yake lanƙwasa bakan kai, inda yake tsayar da dirkoki, yadda bututun sama da na ƙasa ke haɗuwa a hanci, siffar kunnen da ke riƙe akwatin sitiyari, har girman ramukan da yake hudawa don rage nauyi. Masu walda sun san abin da nake faɗa. Ka shiga layin masu ƙofofi, ba sai an gaya maka aikin wane ba ne wannan, ɗinkin waldar ya gaya maka.

Ɗinkin nan a duba shi da tabarau mai ƙara girma. Waldar lantarki ta sanda tana barin ɗinki mai kauri da ɗigo-ɗigon tartsatsi a gefe. Waldar gas tana barin ɗinki mai faɗi da ya kwanta. Waldar agon, wadda ta fito daga masana'antar jiragen sama a farkon shekarun 1940, tana barin siririn ɗinki mai tsari, zobe kan zobe. Idan ka ga yawancin gaɓoɓin shasin da waldar agon mai kyau, sannan ga wasu kunnuwa da aka liƙa da waldar sanda kaca-kaca, ka san hannu biyu ne, zamani biyu. Na farkon shi ne maƙeri, na biyun wanda ya saya daga baya. Kuma wurin da aka sare wani abu aka gurje ba ya ɓuya. Haska fitila a kaikaice, za ka ga tabon. Tabo huɗu a inda ya dace da zaman injin Chrysler Hemi sun fi rantsuwar mai sayarwa nauyi, domin suna nuna motar ta taɓa ɗaukar babban inji kafin a mayar da ita ƙaramin aji.

Shi ma ƙarfen a san irinsa. Na farko-farko ƙarfen gama-gari ne. Daga baya manyan maƙera suka koma wanda ake kira 4130, irin na jirgin sama, wanda aka gauraya da ɗan kuromiyam da molibdinam, ya fi ƙarfi, don haka ana iya yin bututun da siririn bango. Maganaɗisu ba zai raba maka su ba, duka biyun yana kamawa. Akwai na'urar hannu da ake ɗorawa a jikin ƙarfe ta karanto sinadaran da ke ciki ba tare da an yanka ba, ita ake haya.

Sai fenti. A samu wani lungu, ƙarƙashin mazaunin direba misali, a goga a hankali da takardar yashi mai laushi, a yi ɗan da'ira. Launuka za su fito ɗaya ƙarƙashin ɗaya: baƙin jiya, shuɗin shekaran jiya, can ƙasa ja. Kowane launi mai shi guda ne, ko kakar tsere guda. A ɗauki hoto, a bar sauran.

Da waɗannan a hannu ake komawa takardu. Jaridar Drag News ta mako-mako da National Dragster ta NHRA sun buga dubban hotuna da tallace-tallacen sayar da mota. Akwai gidan tarihi na Wally Parks a Pomona, da na Don Garlits a Ocala ta Fulorida. Ana ɗora hoton da a kan na yau, a ƙirga dirkoki, a duba kusurwar baka. Kamanni kaɗai bai isa ba, don maƙeri ɗaya ya yi irinta goma a shekara. Abin da ke yanke hukunci shi ne aibin da ba wanda zai kwaikwaya da gangan: lotsawar da ƙarfen turi na baya ya yi, kunnen da aka liƙa a karkace, gyaran gaggawa da aka yi a bakin fili bayan wani hatsari da jarida ta ba da labarinsa. Sannan a bi sawun masu ita da baya da baya, wa ya sayar wa wa. Tsofaffin direbobi da makanikansu suna ta ƙarewa, wanda ya samu ɗaya da rai ya kai masa hotuna, ya naɗi muryarsa. Sai dai a yi hattara, kada a ce, Baba, wannan ce motarka ko? Dattijo mai kewar ƙuruciya zai ce ita ce. A tambaye shi abin da yake tunawa game da tasa tukuna, ina tankin mai yake, ta wane hannu abin jan birki yake, sannan a je a duba.

Wani lokaci bayan duk wannan wahala amsar ita ce shasin na wani bawan Allah ne da bai taɓa cin komai ba. A ganina a karɓi wannan hannu biyu. A fenta sunan mai shi na ainihi a jiki, in an san shi. Wanda ya ɗauki irin wannan shasi ya rubuta masa sunan gwarzo ya cuci mai saye na gaba, ya kuma cuci tarihi.

(Gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan farfaɗo da shasin tsohuwar motar tsere ta Amurka. Mun san abin da ke hannunmu, saura gyara.

Kafin a kunna wuta sai an amsa tambaya biyu. Ta farko, wace shekara za a mayar da ita? Motar da ta yi kaka biyar tana tsere ta canja kama sau biyar. Dole a zaɓi lokaci guda, wanda aka fi samun hotunansa, a tsaya a kansa, kada a haɗa hancin 1965 da kejin direba na 1969. Ta biyu ta fi nauyi: don kallo da ruri ake gyara ta, ko don ta sake gudu? Dokokin yau, waɗanda gidauniyar SFI ke tsarawa, sun ƙayyade kaurin bututu da siffar kejin da ke kewaye da direba, kuma sai mai duba ya auna ya manna takardar shaida kafin a bar mota ta yi irin wannan gudu. Kusan babu shasin shekarun 1960 da zai haye wannan jarrabawa yadda yake. Kafin ya haye sai an yanke ainihin sashen da ya sa shi daraja. Ni dai ra'ayina a fili yake: mai son gudu ya ƙera sabon shasi mai kamar na da, akwai masu yin haka, akwai ajin tserensu. Tsohon kuwa a bar shi da tsufansa. Ƙarfen da ya sha jijjiga shekara da shekaru, ya kuma shekara 50 a danshi, ba a ɗora masa ran mutum.

Bayan an gama ɗaukar hoto da awo ne ake cire fenti, da abu mai laushi, ba yashi mai kaifi da iska mai ƙarfi ba, domin bangon bututun a wurare da dama bai kai milimita 2 ba. A rufe hanci da baki, tsohon fenti na iya ƙunsar dalma, tsohon kuloci da birki kuma na iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu.

Tsatsar da ido ke gani ba ita ce abin tsoro ba. Ruwa na shiga ta ramin kusa ya kwanta a cikin bututun ƙasa, ya ci shi daga ciki, waje na nan sumul. Karkata shasin ka kasa kunne, in ka ji wani abu na gangarawa shuu a ciki, ɓarɓashin tsatsa ne. Ana bin bututun taki-taki da na'urar auna kauri mai aiki da sauti, ana rubuta abin da ta nuna a jikinsa da alli. Tsaga kuma a gefen walda take ɓuya, musamman wajen farantin inji da inda aksul ke ɗaure. Hanya mai sauƙi ita ce a fesa wani jan ruwa mai ratsa tsaga, a bari ya jiƙa, a goge, a fesa farar hoda. Inda tsaga take sai jan layi ya fito siriri a kan farin. Akwai kuma gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe, wanda garin ke taruwa a bakin tsagar. Aksul ɗin gaba da sandunan sitiyari, waɗanda aka saba yi wa ruwan kurom don ƙyalli, su ne suka fi bukatar wannan, don ƙyallin na rufe aibi.

Daga nan sai teburi. Teburin ƙarfe mai kauri da aka daidaita ya zama lebur, a ja layi a tsakiyarsa, a kafa aksul ɗin baya a ɗaure, a auna komai daga nan. A auna daga kusurwar dama ta baya zuwa ta hagu ta gaba, a auna kishiyarta, in ba su zo ɗaya ba shasin ya murɗe. Wajibi ne layin inji ya miƙe zuwa tsakiyar aksul, don tsakaninsu gajeriyar sanda ce ba mai lanƙwasa ba. Ana zura doguwar sanda miƙaƙƙiya ta mazaunin karanshaf har cikin kwandon aksul a tabbatar. Amma kada a gyara abin da ba ɓaci ba ne. Waɗannan shasi an yi su ne su ɗan yi lanƙwasa, ita ce madadin sufirin ɗinsu, wanda ya ƙara musu dirkoki don su yi tauri ya canja motar.

Inda bututu ya ruɓe, a yanke iya ruɓaɓɓen kawai. Dabarar ta masu gyaran jirgin sama ce: a yanka a karkace don ɗinkin ya yi tsawo, a zura ɗan guntun bututu a ciki ya haɗa tsoho da sabo, a huda ƙananan ramuka a cike su da walda su kama na cikin, sannan a zagaye bakin. Ƙarfen 4130 ba ya son gaggawa. A tsabtace shi sosai, a ba shi wuta daidai, a bar shi ya huce da kansa inda ba iska. Al'adar nan ta watsa wa walda ruwa don a yi saurin kamawa, a kan wannan ƙarfe tana sa gefen ɗinkin ya yi tauri ya zama mai saurin karyewa. Tsohuwar walda kuwa in gwaji ya nuna lafiyarta ƙalau, a ƙyale ta ko da ba ta da kyan gani.

Neman kayan da za a ɗora shi ke cin shekaru. Injin da aka fi so shi ne Chrysler Hemi 392, wanda aka yi a 1957 da 1958 kaɗai, kuma 'yan tsere sun farfasa da yawa. Na'urar tura iska da ke kansa, GMC 6-71, asalinta ta injin dizal ce ta manyan motoci. A gaba sau da yawa za ka tarar da sandar murɗa ta Volkswagen Beetle, wadda iyayenmu suka sani sarai tunda an harhaɗa ta a Legas, da ƙafafun taya na Ford Anglia ta Ingila. Tayoyin baya kuma kan zauna a kan wilin magniziyam na Halibrand. Wannan ƙarfe a yi taka-tsantsan da shi: yana ruɓewa ya zama farin gari, garinsa na kama wuta, kuma in ya kama ruwa ƙara masa fushi yake, sai busasshen yashi ko hodar da aka yi dominsa.

Ranar tayarwa ma da nata ƙa'ida. Nitro na ɗauke da iskar ƙonewarsa a jikinsa, shi ya sa inji ke iya shan ninkin-ba-ninkin abin da zai sha na fetur. Idan ya saura a cikin silinda bayan an kashe inji, juyi ɗaya na iya tarwatsa shi ko ba tartsatsin fulogi. Don haka ake juya injin da baya da hannu a zubar da ragowar kafin a sake tayarwa, a fara da fetur ko barasar inji, sannan a buɗe masa nitro. Direba na ciki da rigar wuta, birki a hannu, masu kashe gobara na tsaye.

Saura rigima guda da har yau ba ta mutu ba a tsakaninsu. Mota ta yi hatsari a 1967, aka yanke gabanta aka yar, aka yi mata sabo. Bayan shekaru wani ya tsinci tsohon gaban ya ƙera masa baya, wani kuma yana riƙe da ainihin bayan. Yanzu ga mota biyu, suna ɗaya, kowa na cewa tasa ce ta gaskiya. Galibin masu abin sun fi karkata ga sashen baya, daga farantin inji zuwa inda direba ya zauna, ni ma nan na tsaya, don gaba kayan canji ne tun a wancan zamani. Ɗayar a kira ta kwaikwayo a rubuta a allon da ke gabanta, ba abin kunya ba ne, akwai kwaikwayo masu kyau ƙwarai a wajen taron. Shi kuma mai ta ainihin, duk guntun da ya yanke a wajen gyara kada ya bai wa 'yan gwangwan. Ya ɗaura wa kowanne takarda, daga ina aka cire shi, yaushe, don me, ya haɗa da hotuna da awo da muryar dattijon nan a akwati guda, in ya tashi sayar da motar akwatin ya bi ta. In ya bar guntayen suka fita, nan da shekara 20 wani zai ƙera mota ta uku a kansu.

Lokaci ya cim mana.

(Kiɗan rufe shiri)